Inda Manu Ke Ɗaure Safaya

Zuwa ga Manu, taubashina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba, miƙo mini ita za ka yi ka ce idonka na ciwo, idon da ke hango ramin hanya tun fasinja ba su gama bisimilla ba. Don haka ban yi asarar mai karatu ba. A zaurena nake, takarda bisa gwiwa, kuma lokacina kaɗan ne, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Bari in fara da labarin gida. Damina ta biyu ke nan ba ka nan, kuma ta bana ta yi kyau har ta so ta wuce kyau. Kuwara ta cika, ta shiga fadamar Zagga ta ci shinkafar wasu, ta bar ta wasu, yadda ta saba. Matarka Hajo lafiyarta lau. Har yanzu kullum safe sai ta sa an share inda kake ajiye mota, kuma har yanzu in na shiga gaishe ta sai ta ce mai surutu ya zo, a ɓoye goro. Ɗanka Sahabi ya riƙe a-kori-kurar. Ya fi ka haƙuri da fasinja, amma bai kai ka iya ribas ba, katangar maƙwabcinku ce shaida. Babban labarin kuwa, matarsa Mariyama ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can ƙetaren iyaka, ƙasar da ka ƙi daina kira Dahome har ka mutu. Ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Hajo da ba ta iya faɗin sunan tana kiransa angonta, tana cewa Allah ya sa wannan ya fi na farko zaman gida. An gama wankan jego, lokacin dawowarsu ya yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar safayarka ce. Kada ka yi dariya. Na san shekara da shekaru ina yi maka ba'a a kan wannan taya, ina cewa ka fi tattalinta bisa ga Hajo, tunda ita kana lulluɓa mata buhu saboda rana, Hajo kuwa ko laima ba ka taɓa saya mata ba. Ka tuna lokacin da ka cire ƙananan tayoyin da motar ta zo da su, ka sa manya masu haƙora saboda caɓin fadama? Sai tsohuwar safayar ta zama ƙanwa a cikin yayye, ka ce ba ka tafiya da ita, ba ka son ranar wuya motarka ta riƙa ɗingishi. Ka sayo cikakkiya da wilinta, sa'ar sauran huɗun. Sai ta ƙi shiga gurbin da masu ƙera motar suka yi mata a ƙarƙashin bodi.

Ka ce gara ma da ta ƙi. Ka zaunar da ni kamar ɗan aji, ni da nake koyar da ajin, ka yi mini darasi. A ƙarƙashi, laka na bushewa a kan sarƙar, tsatsa ta kama, ranar da kake nemanta sai ka kwanta cikin caɓi a ƙarƙashin buhuna, in kuwa motar ta kafe har ciki to sai dai ka yi mata sallama daga nesa. A kwance cikin bodi, kaya za su hau kanta, sai ka sauke albasar mutane duka a bakin hanya kafin ka gan ta. A ƙofar baya, nauyinta zai karya maƙalar. A gaba, za ta toshe wa lagireto iska. A kan rufi kuwa, ka ce wannan aikin direban da bai taɓa ganin mota ta kife ba ne. Daga ƙarshe ka sa mai walda ya yi mata mazauni a bayan gidan gaba, ɓangaren direba, a tsaye, da sarƙa da kwaɗo, inda in ka ɗaga ido a madubi za ka gan ta. 'Yan kasuwa suka yi ta ƙorafi ta cinye wurin buhu guda, ka ce su ɗauke ta fasinja ce da ba ta sauka. Ma'aikatan kan iyaka su gan ta a fili, su ƙwanƙwasa, su ɗaga maka sanda. Daga Sharabi har kasuwannin ƙetare, da wannan tayar ake gane motarka tun ba a ga fuskarka ba. Ni kuwa na ce maka na karanta tarihin dauloli da yawa, ban ga wadda aka yi wa dogon shawara irin wanda ka yi wa roba ba.

Manu, ka tafi a kan lokaci. Kai dai kullum ka iya fita kafin hanya ta lalace.

Bayan tafiyarka wasu mutane sun shigo dajin da ke bayan Ka'oje. A kan babura suke, uku-uku, da rawani da abin da ka sani a kafaɗa. Da farko burodi suke saye su biya, su yi wa mutane wa'azi, su wuce. Daga baya suka fara ƙirga shanun Fulani, suka fara tambayar wane ne wane. A tasha ba mai faɗin sunansu, mutanen kawai ake cewa, kuma mai faɗa sai ya waiga. Bana ciyawa ta yi tsawo ƙwarai a wannan hanya, ta fi kan mota. Inda da kake tsayawa sayen nono, rugar ta tashi, sai turaku.

Su ma suna bukatar mai, da gishiri, da magani, kuma ba sa son shiga gari. Sai suka sami direbobin da ke kai musu, wani don tsoro, wani don abin da ya fi tsoro daɗi. Aka ce sun gaya wa na farkon ya riƙa ɗora safayarsa a kan rufi, a kwance, don su gane shi daga nesa kada su taɓa shi. Ba wanda ya yi shela, amma ka san tasha, kafin mako ya zagayo kowa ya sani. Sai direbobin da ba su da wata hulɗa da kowa suka ga ai ga laya kyauta, su ma suka ɗora tasu a sama. Kwana kaɗan hanya ta yi daɗi. Daga nan mutanen suka fara tare duk mai taya a rufi da ba su san fuskarsa ba, su tambaye shi ina saƙonsu. Sun tare wani direba daga wajen Zagga da ba ya ɗauke da saƙon kowa. An tarar da motarsa a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, kayan mutane ba abin da aka taɓa, tayar na nan a sama. Shi ne dai har yau ba labari.

A gari kuma matasa sun haɗa kansu suna tsaro a bakin shiga, da bindigogin toka da gora. Su a wurinsu mai taya a rufi ɗan aiken daji ne. Mai taya a ƙarƙashi kuwa ɓoyo yake yi, don an ce har harsashi ana zubawa a cikin taya. Sun tsaga ta wani bawan Allah da wuƙa a gaban jama'a, ba su sami komai ba sai iska, suka ba shi haƙuri, haƙurin bai yi faci ba. Saura wurinka, a tsaye a bayan gidan gaba. Nan kuma mutanen daji suka ɗauke shi wurin masu taurin kai, waɗanda suka ji abin da ake yi suka ƙi. Ka ga inda muka kai? Direbobin da a da ba su taɓa tunani a kan komai ba sai farashin mai, yanzu suna zama gindin dogon yaro suna muhawara a kan taya kamar malamai a kan rabon gado. Da kana nan da ka zama babban shehi. Wa ya taɓa zaton darasin da ka yi mini zai koma maganar rai?

Shekaranjiya da la'asar Sahabi ya zo, ya durƙusa a nan inda nake zaune. Ya kira ni Baba Malam, ya ce surukinsa ya aiko sau da yawa a zo a ɗauki Mariyama da jariri, don ƙauyensu ma yanzu ba a barci da ido biyu rufe. Ga gara, ga kayan jego, babur ba zai ɗauka ba, dole sai mota. Ya ce ya rasa inda zai sa tayar, kuma tunda ni ne abokin wasan babansa, ni ne kuma mai karatu, in yanke masa. Ya faɗi mai karatu da gaskiyarsa, ba irin yadda kake faɗa ba.

Na shafa gemu, na yi duk abin da mai karatu ke yi. Sai dabara ta zo mini, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kaina. Na ce masa tunda duk inda aka sa ta magana take yi, to a bar ta a gida, motar ta tafi bakinta a rufe. Tayoyinsa huɗu lafiyayyu ne, tafiya ce ta kwana ɗaya, ya je ya kwana ya juyo. Na ƙara da cewa ga wurin buhu guda ya samu na zuba gara. Ya ce to. Da labari ya kai wa Hajo, da kanta ta tako har ƙofar zaure, ta tsaya daga waje. Ta ce marigayi ko wanki zai kai motar bakin gulbi bai taɓa barin tayar ba. Ta tambaye ni a cikin littattafan nan nawa wanne ne ke da babin taya, a karanto mata. Na yi dariya na ce ta je ta dafa wa angonta ruwa. Ba ta yi dariya ba. Sahabi ya buɗe kwaɗon, ya gangaro da tayar ya jingine ta a bangon zaurena. Jiya bayan sallar asuba ya kama hanya.

Ga ta nan kusa da ni, da buhunta, zaure duk warin roba. Ban san tana da girma haka ba sai da ta shigo ɗaki.

Jiya da rana shugaban matasan tsaro ya yi sallama. Ɗanbawa ne, wanda na koyar, wanda rabawa ta gagara har ya bar makaranta. Yanzu yana da bindiga, kuma shi ke yin tambayoyin. Ya cire takalmi, ya gaishe ni da ladabi ƙwarai. Ya ce mutanensa sun ga motar Manu ta fita da sarƙa tana lilo ba taya, abin da ba su taɓa gani ba tun suna wasan ƙasa. Na nuna masa ita. Ya danna ta, ya kara kunne, ya ɗan sassauta bakin ya shaƙi iskar. Sannan ya ce shi abu ɗaya ne bai gane ba, Malam ya taimaka masa. Ɗan Manu ba zai shiga wannan daji ba safaya ba, sai in wani ya tabbatar masa ba abin da zai tsayar da shi. To wane ne ya tabbatar masa? Na shiga yi masa bayani. Ina bayanin ina jin muryata, kuma ni kaina da ni ne mai bindigar da ban yarda ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce ba komai, in Sahabi ya dawo za su tsayar da shi a bakin gari su ji daga bakinsa. Ya sa takalminsa ya tafi. Ashe rashin tayar ma magana yake yi, Manu, kuma ya fi sauran ɗaga murya. Me ya sa ban hango wannan ba? Kai da ka hango?

Wannan na jiya ne. Na yau ya fi shi.

Da hantsi wata mota ta shigo tasha daga can, direban bai kashe inji ba sai da aka tuna masa. Ya ce an fara binne katako mai ƙusoshi a cikin yashi, a gangaren nan da hanya ke matsewa kafin rafi, inda dole ka rage gudu. Ya taka, tayar gaba ta tafi. Ya ce bai san yadda ya canza ta ba, ko notunan bai gama ɗaurewa ba, don yana jin ƙarar babura a cikin ciyawa, suna zuwa ba sa sauri. Ya ce ya ga Sahabi jiya a garin surukansa ana loda kaya, Sahabin ya ce masa yau bayan azahar zai taso. Na kira wayar Sahabi har yatsana ya gaji. Wata mata ce ke amsawa da Faransanci, kuma ko ban iya Faransanci ba na san ba albishir take yi mini ba. Ka san can sabis sai an hau tudu.

Ka duba mini wannan hoto, don ni na kasa daina kallonsa. Gangaren rafi, ciyawa ta rufe hagu da dama, motarka a karkace a kan wili. Sahabi tsaye da jak da sifana a hannu, ba abin da zai ɗaura. Mariyama a gidan gaba, takwaranka a cinyarta. Duk wannan saboda wani malami ya shafa gemu.

Na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya a kai masa tayar. Yawancinsu sun ce yau ba su fita. Guda ɗaya da zai fita ya ce in yi masa rai, taya ɗaya ma an rasa inda za a sa ta, in aka gan shi da biyu wa ya san me za a ce yana nufi, kuma su wa za su ce. Ban ga laifinsa ba. Sai na tafi wurin Buba, maƙwabcina, wanda ya sayar da sauran shanunsa ya sayi babur. Ya san burtalin shanu da ke kewaye gangaren, ya ce in muka tashi yanzu kuma Allah ya so, za mu riga Sahabi isa rafin, mu tare shi daga can ƙetare. Amma ya ce ba zai tafi shi kaɗai da tayar wani ba, sai da mai ita, wanda in an tare su zai yi bayani. Ya ce ai Malam ya iya bayani. Ban san ko ba'a yake yi ba, fuskar Buba ba ta nunawa.

In mun same shi, a wurinka zan sa ya mayar da ita, a tsaye, da sarƙa da kwaɗo. Na san abin da mutanen daji ke cewa a kan wannan wuri. Amma na auna, wannan karon ba tare da gemu ba. Wanda aka tare yana kan ƙafafunsa huɗu ana iya ce masa ya wuce, ya wuce. Wanda ke zaune a kan wili ko an ce ya wuce ina za shi? Kuma in Allah ya dawo da mu, gara Ɗanbawa ya ga motar yadda ya san ta. In za ta yi magana dole, to ta faɗi abin da ta saba faɗa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma yau ya kamata. Duk shekarun nan da nake shiga gidan gaba ina cika ka da surutu, tsoron hanya nake yi. Tun ina yaro nake jinsa. Gadar Kuwara kuwa, in muka hau ta sai in rufe ido in ce gyangyaɗi nake yi. Kai kuma kullum a daidai nan kake tono wata rigima, ka ce kakanmu ya fi son uwarka bisa ga ubana, ko ka ce karatuna bai taɓa tayar da mota ba, har sai na buɗe ido na rama, kafin in ankara mun sauka. Na daɗe ina zaton dacewa ce. Ka sani ashe? Ka sani ka yi shiru, kai da ba ka iya shiru a kan komai? Ban taɓa jin hankalina ya kwanta a kan hanya ba sai a motarka, ina jin sarƙar nan tana ƙwanƙwasa ƙarfe a bayan kunnenka. Ban gode maka ba, don tsakaninmu godiya abin kunya ce. To na gode.

Yau zan haye gadar a bayan babur, ba mai tsokanata. Buba ba ya magana in yana tuƙi.

Hajo ba ta sani ba. Uwargidana kuwa na ce mata zan je Ka'oje ta'aziyya. Sai da maganar ta fita na ji ina ma wata ƙaryar na zaɓa.

Ga Buba nan ya iso, ina jin injinsa a ƙofa. Mun riga mun yi gardama a kan inda za a ɗaura ta. Ya ce in aka ɗaure ta a baya nauyinta zai riƙa ɗaga gaban babur a yashi, a gaba kuma ba zai ga hanya ba. Saboda haka a cinyata za ta zauna, tsakanina da bayansa, in rungume ta da hannu biyu har can. Ka yi dariyarka, ka ci bashinka, yau ba ni da bakin ramawa.

Allah ya jiƙanka, Manu, ya gafarta maka, ya kai haske kabarinka. Ya tsare ɗanka da matarsa da takwaranka. In na dawo, zan sa wannan takarda a murhu in je in gaya wa Hajo ita ke da gaskiya, ta ji daɗi. In kuwa ban dawo ba, ka matsa mini wuri, sauran labarin ka ji shi daga bakina.

Sai mun sadu.

Naka, abokin wasanka har gobe,
Haliru